Bazarar 2024 a wani gida a Birnin Zariya: tsohuwa, ɗakin kwano da azumi

Gidan da mai ɗakin, kafin 2024

Gidan na cikin ganuwar Zariya, a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin da ke tsakanin Ƙofar Doka da fadar Sarkin Zazzau. Gidan gado ne, mutum 17 ke kwana a ciki. Wadda wannan nazari ya shafa ita ce babbar gidan, tsohuwa mai shekara 74 a lokacin, wadda maigidanta ya daɗe da rasuwa. 'Ya'yanta Inna suke ce mata, surukai da jikoki kuma Hajiya. Ta yi wajen shekara goma tana fama da hawan jini, tana shan ƙwaya biyu kowace safiya, ɗaya daga ciki irin mai sa yawan fitsari ce. In ban da wannan garau take. Ita ke yi wa kanta wanki, da ƙafarta take zuwa barka da gaisuwar mutuwa a unguwa.

Har zuwa 2019 tana cikin soron da aka kawo ta tana amarya. Ginin tubali ne, kaurin bangon daga ƙasa ya haura rabin mita, rufin azara da ƙasa, da 'yar taga guda can sama. Irin ginin da Zazzau ta yi suna a kansa ke nan tun zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na birni a shekarun 1830. Sai dai ginin ƙasa yana son yaɓe kusan duk shekara, maginan da suka iya shi kuma sun yi ƙaranci. Da soron ya fara yoyo, babban ɗanta, malamin sakandare, ya haɗa kuɗi da ƙannensa suka gina mata ɗakin bulo da siminti, ƙafa 12 a 12, aka rufa shi da kwano. Kuɗi suka ƙare kafin a kai ga silin, aka ce sai an samu sarari. Taga ɗaya aka yi, tana kallon yamma. Don a samu filin ginin sai da aka sare darbejiyar da ke tsakar gida. Soron ya koma wurin ajiyar masara da tarkace.

Bazara huɗu ta yi a sabon ɗakin. Tana kukan zafi kamar kowa, a kunna mata fanka, in an ɗauke wuta a tayar da ƙaramin janareta na awa biyu ko uku. Ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa ɗakin zai iya cutar da ita.

Fabrairu zuwa 10 ga Maris 2024: zafi ya shigo da wuri

Zariya ba ta cikin garuruwan da ake buga misali da su wajen zafi. Tana kan tudu, sama da mita 600 daga doron teku, shi ya sa bazararta ba ta kai ta Sakkwato ko Maiduguri ba. A Maris da Afrilu zafin rana kan tsaya wajen digiri 35 zuwa 38 a ma'aunin Selshiyos, da dare ya sauka sosai. A 2024 tun tsakiyar Fabrairu hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ta fara gargaɗin matsanancin zafi a sassan Najeriya. Daga baya hukumar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar cewa 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Ɗumamar duniya ta haɗu da El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Fasifik da ta soma a 2023.

A cikin gidan kuwa, abin da aka saba dogaro da shi ya riga ya yi rauni. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 600. Janaretan da ake tayarwa kullum ya koma sai ta kama. Wutar lantarki ma ba ta zama: babban layin wutar ƙasa ya durƙushe ranar 4 ga Fabrairu, kuma ko a ranakun da bai faɗi ba, awoyin da unguwar ke samu kaɗan ne, galibi da rana tsaka ko can cikin dare. Ruwa daga 'yan garuwa ake saye, ana lissafin kowace jarka.

11 zuwa 27 ga Maris: azumi da matakan farko

An ɗauki azumi ranar Litinin 11 ga Maris. Hajiya ta ɗauka kamar yadda ta saba. Ƙwayoyinta ta mayar da su lokacin sahur, ba tare da an tuntuɓi likita ba, don haka ake yi a shekarun baya. Abin da wannan ke nufi shi ne ƙwayar da ke fitar da ruwa daga jiki tana fara aiki daidai lokacin da aka rufe baki, ta yi ta fitsari da hantsi, sannan ta wuni fiye da awa 13 ba ta mayar da ko ɗigo ba.

Yadda take wuni ma ya canza. A sauran watanni takan fito tsakar gida, ta leƙa maƙwabta. Da azumi sai ta lizimci ɗaki da carbinta daga hantsi zuwa la'asar, wato sa'o'in da kwano ya fi ɗaukar zafi. Kwanon da rana ke duka yakan haura digiri 60, kuma in babu silin ba abin da ke tsakaninsa da kan mutum. Bayan azahar rana ta juyo ta tagar yamma, bangon bulo ya sha zafi ya riƙe.

A mako na biyu ta fara cewa kanta na ciwo, jiri na ɗibarta in ta miƙe daga sallah. Da buɗa baki abinci ba ya shiga, sai kunun tsamiya da zoɓo mai ƙanƙara, kofi ɗaya ko biyu, ta ce ta ƙoshi. Ba taurin kai ba ne. Tsufa na rage jin ƙishirwa, yana kuma rage zufa, sai jiki ya bushe mai shi bai sani ba.

Matakin farko da aka ɗauka shi ne na kemis. Surukarta ta aiki yaro ya faɗi alamomin, aka ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro na kwana uku da farasitamol. Ba a yi gwajin jini ba. Ta shanye, ciwon kan ya lafa na 'yan awoyi ya dawo.

Na biyu, ɗan ya sayo fanka mai caji. Da rana iskar da take bugowa mai zafi ce, har Hajiya kan ce a kashe. Da dare cajin kan ƙare wajen ƙarfe biyu, in ma an samu wutar da za a yi cajin.

Na uku, jikoki suka riƙa yayyafa ruwa a daɓen ɗakin bayan la'asar. Yana sanyaya wurin na ɗan lokaci, amma ƙofa da taga a rufe suke, sai ɗakin ya ɗauki turiri. Sau biyu aka watsa ruwa a kan kwanon, ya ƙafe kafin a sauke bokiti, aka ga asarar jarka ce aka bari.

Kwana a waje kuwa ba ta yarda ba. Matasan gidan duk a tsakar gida suke shimfiɗa, ita ta ce ba ta kwana a gaban surukai. Tagar ma rufe ta take yi da dare saboda sauro da tsoron ɓarayi, don ta lungu take kallo.

28 ga Maris zuwa 2 ga Afrilu: abin ya tsananta

Ranar Alhamis 28 ga Maris, 18 ga watan azumi, babban layin wutar ƙasa ya sake faɗuwa da yamma. A ƙarshen watan ne kuma wani zafi da ba a saba gani ba ya rufe yankin Sahel da Afirka ta Yamma, daga Mali da Burkina Faso zuwa Nijar, Chadi da arewacin Najeriya. Abin da ya bambanta shi da zafin da aka sani shi ne dare bai kawo sauƙi ba. Jikin da ya sha zafin rana yana buƙatar dare mai sanyi ya huce, zuciya ta huta daga aikin tura jini zuwa fata. In dare bai yi sanyi ba, gajiyar yau ta hau kan ta jiya.

Goman ƙarshe ta shigo, Hajiya ta ƙara da tahajjud a ɗakinta. Barcinta bai fi awa uku ba. Ranar 1 ga Afrilu surukarta ta lura fitsarin da ke cikin fo ɗan kaɗan ne, ya yi ja kamar shayi. Ranar 2 ga wata ta kira jikanta da sunan ƙaninta da ya rasu, sannan ta tambaya ko an yi sallar asuba alhali ana shirin la'asar. Aka ce gajiyar ibada ce. Ɗan ya roƙe ta ta sha azumin gobe.

"Inna, ki huta ko na kwana ɗaya ne, kya rama."

"Saura kwana nawa? Tun ina 'yar shekara goma sha biyu ban taɓa ajiye azumi don zafi ba. Ba yau zan fara ba."

Ya ƙyale ta.

3 ga Afrilu: faɗuwa da asibiti

Ranar Laraba 3 ga Afrilu, wajen ƙarfe uku da rabi na rana, wata jika ta shiga kai mata ruwan alwala ta same ta kwance a gefen gado. Idonta a buɗe, maganarta ba ta fita daidai, jikinta zafi rau kuma a bushe, babu zufa ko kaɗan. A wannan ranar ce garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5.

Maƙwabciyarsu, nas ce da ta yi ritaya, ita aka fara kira. Ta hana a ɗura mata ruwa a baki tunda ba ta cikin hayyacinta, kar ta shaƙe. Ta sa aka fito da ita zaure, aka rage mata tufafi, aka jiƙa zani da ruwan randa aka lulluɓa mata, aka sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi, yara biyu suna fifita da faifai. Ba a daina ba har cikin Keke Napep ɗin da ya kai su asibiti. Tsakanin ganinta da fara sanyaya jikin bai kai minti 15 ba.

A asibiti zafin jikinta ya nuna 39.6, bayan duk wannan jiƙawar. Abu biyu likita ya fara nema, kuma da hujja: zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau. Lokacin sanƙarau ne, ana ma fama da shi a wasu jihohin arewa a wannan bazarar, kuma ba wanda ya manta 1996, shekarar da ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya ya kashe fiye da 11,000. Gwajin jini bai nuna cizon sauro ba, wuyanta bai sanƙare ba. Abin da aka gani shi ne jini ya yi ƙasa, bugun zuciya ya yi sauri, gwajin ƙoda kuma ya nuna ta fara gazawa saboda bushewar jiki. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka ci gaba da sanyaya ta, aka dakatar da ƙwayar fitsarin. Likitan ya bayyana wa ɗan cewa farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, domin ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba, daga waje ya shiga jiki ya fi ƙarfinsa.

Washegari da safe ta gane kowa. Kwana uku ta yi, aka sallame ta ranar 6 ga Afrilu da sharaɗi uku: ba azumi, ruwa lita biyu zuwa biyu da rabi a rana ko tana jin ƙishi ko ba ta ji, da dawowa gwajin ƙoda bayan mako biyu.

A waɗannan kwanakin ne asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na Afrilu, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗayansa 130 aka samu. Fiye da rabinsu sun haura shekara 60.

6 ga Afrilu zuwa saukar damina: sauye-sauye a gida

Maganar azumi ita ta fi wuya, kuma ba likita ne ya warware ta ba. Limamin unguwa ya zo dubiya, ɗan ya faɗa masa halin da ake ciki. Ya zauna daga bakin ƙofa ya karanta mata ayoyin Suratul Baƙara da suka yi rangwame ga marar lafiya, ya ce, "Hajiya, wanda ya wajabta shi ne ya sauƙaƙa. Karɓar sauƙinsa ma biyayya ce." Ya tuna mata hadisin da ya yi umarnin a jinkirta azahar in zafi ya tsananta. Ta yi kuka, ta karɓa. Kwanakin da suka rage ba ta yi ba, aka yi sallah ranar Laraba 10 ga Afrilu.

Sai maganar ɗaki. Wani jikanta da ke karatu a Samaru ya zo da ƙaramin ma'aunin zafi na bango, ya riƙa zagayawa da shi yana rubutawa. Ranar 9 ga Afrilu da ƙarfe uku na rana ɗakin kwano ya nuna 41, tsohon soro 33. Da ƙarfe goma na dare ɗakin kwano 35, soro 33, tsakar gida 30. Da asuba ɗakin kwano 30, soro 31, tsakar gida 25. Kwanakin da suka biyo baya lambobin sun ɗan motsa, tsarin bai canza ba.

Wannan lissafi ya gyara wani zato da mutanen gidan suka fara yi, cewa a mayar da ita soro dare da rana. Bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta zafi ne, ba ya hana shi. Abin da ya sha da rana sai dare yake isowa ciki. Mutanen da suka gina irin waɗannan soraye sun san haka, shi ya sa da bazara a ciki suke wuni, a waje suke kwana. Aka tsara mata haka: daga ƙarfe goma na safe zuwa magariba a soro, dare a tsakar gida.

Ba ta so ba. "Ɗakin da kuka gina mini da guminku zan bari, in koma wurin ɓeraye? Me mutane za su ce?" Ɗan ya ce, "Inna, ɗakinki yana nan, kayanki na ciki. Aro kawai za ki yi wa soron har ruwa ya sauka." Aka kwashe masarar, aka share, aka toshe ramuka, aka sa gado da randa. Don kunyar surukai aka kewaye mata wani gefe na tsakar gida da zana, aka ɗaura gidan sauro. Da aka yi wannan ba ta sake musu ba.

Ruwan sha aka ba jika ɗaya amanarsa, yarinya 'yar shekara 14. Ana cika gora biyu da safe, aikinta ta ga sun ƙare kafin isha, kofi ɗaya bayan kowace sallah da tsakankanin salloli. Ranar da zawo ya kama Hajiya aka haɗa mata ruwan gishiri da sukari. Yarinyar ce kuma ke duba launin fitsari ta faɗa wa uwarta. Fanka ba a jefar da ita ba, an canza yadda ake amfani da ita: sai an shafa wa Hajiya ruwa a hannu da ƙafa da wuya, ko ta yafa jiƙaƙƙen mayafi, sannan a kunna.

Wannan dabarar ta yi aiki sosai a farkon Afrilu da iska ke bushe. Zuwa ƙarshen wata, da iskar damina ta fara shigowa da laima, ruwan ya daina saurin bushewa a fata, sauƙin ya ragu. A makonnin nan na gumi kafin ruwa ya zauna sai aka koma wanka sau uku a rana. Gwajin ƙoda na mako biyu ya nuna ta kusa komawa daidai. Likita ya canza mata maganin hawan jinin, ya kuma ce duk shekara a kawo ta kafin azumi a duba magungunan.

Yuni 2024 zuwa Fabrairu 2025: gyaran ɗakin

Da ruwa ya sauka ta koma ɗakinta. A watan Yuni labarin aikin Hajji ya zo, inda mutum sama da 1,300 suka rasu, zafi a Makka ya kai digiri 51.8. Wannan ya sa 'yan'uwan da ke jan ƙafa wajen kawo gudummawar gyara suka kawo.

Gwajin farko bai yi ba. A ƙarshen Afrilu an shafa wa kwanon farar ƙasa, a kan ƙura da tsatsa, ruwan farko ya wanke ta tas. Na biyu ma rabi ya yi: a watan Nuwamba kafinta ya sa silin, amma ya rufe ko'ina ruf, iskar da ke tsakanin silin da kwano ba ta da mafita. Ɗakin ya yi sauƙi da rana, da yamma kuma silin ɗin kansa ya ɗumame. Sai da aka dawo aka fasa ƙananan kafofi biyu a saman bango, gabas da yamma, aka sa musu raga.

A watan Janairu aka fasa taga ta biyu a bangon da ke kallon tsakar gida, aka sa wa tagogin biyu ƙarfe da ragar sauro, don ta iya barinsu a buɗe da dare hankalinta kwance. Aka kafa rumfar zana a jikin bangon yamma yadda rana ba za ta taɓa shi ba daga azahar. A Fabrairu aka kankare kwanon, aka wanke, aka shafa farin fenti hannu biyu. Soron ma an samo magini daga wani ƙauye ya yi masa yaɓe ya gyara indararo. An dasa darbejiya a inda aka samu wuri.

Bazarar 2025

An ɗauki azumi ranar 1 ga Maris 2025. Mako biyu kafin nan aka kai ta asibiti. Likita ya duba ƙoda da jini, ya ce a shekarunta da abin da ya faru bara bai ba ta shawarar yi ba. Ta yi kwana uku na farko don ranta ya kwanta, ana lura da ita, ta ga jirin na neman dawowa, ta ajiye da kanta aka ciyar.

Jikan ya sake aunawa, wannan karon yana kwatanta ɗakinta da wani ɗakin kwano marar silin a cikin gidan, a sa'a ɗaya. A tsakiyar Maris da ƙarfe uku na rana, wancan 40, nata 35, soro 32. Da ƙarfe goma na dare, tagoginta a buɗe, nata 31. Ta ci gaba da wuni a soro a ranakun da suka fi tsanani. Har ruwa ya sauka ba ta kwanta asibiti ba, jirin bai dawo ba.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

A ganina abu huɗu ne suka taru a kanta, kuma babu ɗaya daga ciki da shi kaɗai zai kai ta ƙasa: shekaru, ƙwayar fitsari da aka mayar sahur, azumi, da ɗakin da ya zama tanderu. Ta yi bazara huɗu da waɗannan abubuwa huɗu duka ba ta faɗi ba. Abin da 2024 ta ƙara shi ne darare masu zafi a jere, a lokacin da wuta da mai suka gagara.

Matakan farko sun faɗi ne don an yi maganin cutar da babu. A wurinmu duk zafin jiki da ciwon kai cizon sauro ne har sai an tabbatar da akasin haka, kuma kwana ukun da aka yi ana shan maganinsa kwanaki ne da jikin ya ƙara bushewa. Fanka ba ta sanyaya iska, zufa take busarwa. Tsohon da zufarsa ta ƙafe, a ɗakin da ya fi jikinsa zafi, fanka zafi take ƙara masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kar a dogara da ita in zafin wuri ya haura digiri 40. Ruɗewar ranar 2 ga Afrilu ita ce alamar da ta fi kowace girma, kuma ita aka fassara da gajiyar ibada. Tsoho ya fara rikita sunaye ko lokutan sallah cikin zafi, wannan maganar asibiti ce a ranar, ba gobe ba.

Abin da ya ceci ranta shi ne mintunan nan da nas ta sa aka jiƙa ta kafin a nemi abin hawa. A bugun zafi, wato irin abin da ya same ta, tsawon lokacin da jiki ya yi yana ƙuna shi ke lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, don haka sanyayawa ke gaba da tafiya.

Wanda ya san tarihin manyan zafin da aka yi a duniya ba zai ga baƙon abu a labarinta ba. A Shikago ta Amurka, a Yulin 1995, mutum sama da 700 suka mutu cikin kusan mako guda, da yawansu tsofaffi ne da ke zaune su kaɗai, wasu sun rufe tagogi don tsoron ɓarayi. A Agustan 2003 Faransa ta rasa kusan mutum 15,000, Turai gaba ɗaya sama da 70,000 a wannan bazarar. Mafi yawansu tsofaffi ne, kuma binciken da aka yi bayan nan ya nuna masu kwana a ɗakin da ke ƙarƙashin rufi kai tsaye sun fi shiga haɗari. Birnin Paris kuwa da yawan rufinsa na ƙarfe ne. A Karachi ta Pakistan, a Yunin 2015, zafi ya haɗu da azumi da ɗaukewar wuta, mutum sama da 1,000 suka rasu. Duk abin da ya kashe waɗancan yana cikin ɗaki ɗaya a Birnin Zariya. Abin da ta fi su da shi shi ne gida mai mutum 17, inda ba a yi awa biyu ba wani bai leƙa ta ba.

Gyaran ɗakin ma akwai wanda ya riga mu. Birnin Ahmedabad na Indiya ya rasa mutum fiye da 1,300 sama da yadda aka saba a zafin Mayun 2010. A 2013 ya fito da tsarin tunkarar zafi, na farko a Kudancin Asiya: gargaɗi kafin zafi ya iso, horar da ma'aikatan lafiya su gane alamomi, samar da ruwa da inuwa, daga baya aka ƙara da shafa wa rufin gidajen talakawa farin shafi. Farin rufi yana mayar da hasken rana maimakon ya sha shi, yana rage zafin ɗaki da digiri biyu zuwa biyar. A gidan nan ba za a iya ware rabon fenti daga na silin da rumfa ba, tunda kusan tare aka yi su, amma digiri biyar da aka samu tsakanin ɗakuna biyu na gida ɗaya a sa'a ɗaya ya isa hujja. Ba ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar wuta ko mai.

Abin da ya fi damuna shi ne da ta rasu ranar 3 ga Afrilu, da sanarwar za ta ce bayan gajeruwar rashin lafiya, ko a ce hawan jini ne. Ba za a ambaci zafi ba, ba za a ambaci kwano ba. Unguwannin Tudun Wada, Sabon Gari, Tudun Jukun da Samaru cike suke da ɗakunan haya irin nata, kwano ba silin, taga ɗaya, kuma a cikinsu akwai tsofaffi da jarirai da masu ciki. Ya kamata duba magungunan masu hawan jini da ciwon suga kafin azumi ya zama al'ada a asibitocinmu, limamai kuma su yi maganar rangwame a kan mumbari tun kafin a ga wata, kar a bari sai an je dubiya.

A gidan kansa aikin bai ƙare ba. Fentin na buƙatar wanki da sabuntawa in ƙurar hunturu ta rufe shi, darbejiyar sai ta yi shekaru kafin ta yi inuwa, kuma akwai sauran ɗakunan kwano uku marasa silin. A ɗaya daga ciki amaryar ƙaramin ɗan take da jaririnta. An yanke cewa nata za a fara yi kafin Fabrairu, sauran biyun sai an sayar da masara.